Daga Mataki na Huɗu Zuwa na Ɗaya: Ta'aziyyar Likitan Ƙugu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina kuma aminina, bakaniken babur ɗin nan da masu haya suke kira Likitan Ƙugu. Ya rasu a gadon asibiti bayan jinyar kwana tara, ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Ni ne telan da shagonsa yake jingine da garejinsa. Shekara goma sha tara bango ɗaya ne tsakaninmu.

Likita, yau kwana shida ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, ana ta cewa ciwon farat ɗaya ne, ni kuma ina gyaɗa kai. Ba farat ɗaya ba ne. Wata bakwai ke nan da na san da shi, kuma na yi wa matarka ƙarya a kansa. Har yanzu ba ta sani ba, sai ta karanta wannan.

Bari in fara da alherinka, don shi ya fi yawa. Sauran bakanikai in an kawo musu babur sai su ɗaure zoben shokozobar baya, wato sifirin da ke shanye girgizar hanya, har ƙarshe, su ce ai ya yi ƙarfi. Kai kuwa sai ka ce ba a gyara shokozoba sai an ga mai hawa. Ka ɗaga bayan babur, ka auna daga tsakiyar taya zuwa ƙasan kujera. Ka sa mutum ya hau, ya ɗauke ƙafafunsa, ka sake aunawa. In ya nutse da yawa ka ƙara ɗaure zoben, in ya ƙi nutsewa ka sassauta. Masu gaggawa suna tsaki, suna cewa ka cika iyayi, kai ko a jikinka.

Na tuna wani mai haya, siriri kamar tsinken tsintsiya, da ya zo zai sayar da babur ɗinsa saboda ciwon baya ya hana shi ruku'u. Ka duba ka tarar zoben yana mataki na biyar, wanda ake sa wa mai dakon buhuna. Ka dawo da shi na biyu, ka kore shi ka ce ya dawo bayan sati. Da ya dawo, shi ya laƙaba maka sunan da ya bi ka har kabari. Na tuna kuma magidancin da za a sallamo matarsa bayan tiyata. Ka rufe gareji, ka bi shi har ƙofar asibiti da sifana a aljihu, don ka daidaita babur ɗin da nauyinsu su biyu kafin su shiga gargada.

Tef ɗin awonka kullum a ɓace yake, sai nawa. Ka karɓa fari tas, ka dawo mini da shi da baƙin mai, in na yi mita ka ce tela ba ya rabo da ƙorafi. Da yake mutum ba ya iya auna kansa yana bisa babur, in naka za ka daidaita ni kake kira. Kai ƙato ne, shekara da shekaru zobenka yana mataki na huɗu.

Wata rana ka ce babur ɗin yana dukanka a ƙugu. Na auna, ya ƙi nutsewa yadda ya saba, ka mayar da zoben na uku. Bayan sati shida ka mayar da shi na biyu. Babur bai canza ba, sifirin bai canza ba. Ni da nake auna mutane tun ina saurayi, sai na ɗora tef ɗin a ƙugunka ba tare da na nemi izini ba. Inci huɗu sun tafi.

A nan ka gaya mini cewa abinci ba ya zama a cikinka, kuma kana ganin jini. Na ce mu tafi asibiti a ranar. Ka riƙe hannuna ka ce, "Tela, maman yara tana da hawan jini, ka san yadda ta yi da rasuwar yayanta. Kada a fara yi mini kallon gawa ina tafiya da ƙafata. Ka yi mini alkawari, zan je da kaina."

Na yi maka alkawari, kai ba ka cika naka ba. Kuma ban tsaya a shiru ba. Rigunanka ka riƙa kawo mini ɗaya bayan ɗaya ina rage su, don kada su yi maka yawa a gane. Na yi aikin da kyau, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Ina jin haushinka, Likita, ba zan ɓoye ba. Ka bi baƙo har asibiti don kada rami ya girgiza matarsa, amma ka ƙi taka ƙofar nan don kanka. Ka san abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, sai ka ɓoye wa wadda za ta fi kowa kuka, ka sa ni gadin ƙofa.

Ranar da zoben ya sauka mataki na ɗaya, matarka ta zo shagona da yadin 'yan makaranta. Ta tsaya bakin keken ɗinki tana juya yadin, ta ce, "Malam Tela, kai ne amininsa. Ramar nan ba ta rage cin abinci ba ce kamar yadda yake faɗa. Don Allah, ya gaya maka wani abu?" Na dubi idonta na ce aiki ne ya yi maka yawa. Ta yi mini godiya ta tafi.

A asibiti likitan gaskiya ya ce da an kawo ka wata shida da suka wuce, da akwai abin yi. Matarka ta zauna a ƙasa tana cewa laifinta ne, tana gida ɗaya da kai ba ta gane ba. Ina tsaye a gefenta, na bar ta tana ɗora wa kanta laifin. Kwana shida ke nan tana maimaita wannan magana ga duk wanda ya shigo gaisuwa.

Maman yara, ba laifinki ba ne. Kin gani, kin tambaya, ni na rufe miki hanya. Ban zo neman ki yafe mini yau ba, in ma ba ki yafe ba kina da gaskiya. Abin da nake roƙo kawai ki sauke wannan kaya daga kanki, don nawa ne.

Allah Ya jiƙanka, Likita, Ya yafe maka taurin kanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda bayin Allah da ka rage wa wahalar hanya. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, da ƙannenka, da 'ya'yanka huɗu, Allah Ya raya su Ya ba su haƙuri. Matarka kuwa, Allah Ya sanyaya zuciyarta. Gobe da safe zan je gidan in tsaya a ƙofa, ko ta ce in shiga ko ta ce in koma.