Lambar Aro

Jikana ya sayo mota daga wata ƙasa maƙwabciya, ya kwashe kwanaki yana mitar kuɗin rajista. Wai can abin da ake karɓa bai taka kara ya karya ba, nan kuwa sai an tatse mutum. Na ƙyale shi, don yaran yanzu in ba su yi mita ba abinci ba ya narke musu. Amma ran da ya tsuguna a ƙofar gida yana kwance tsohuwar lambar, notin ya yi tsatsa yana ƙii-ƙii, sai na tsaya ina saurare. Na san wannan ƙarar tun ban gama famfara ba.

A lokacin muna zaune a unguwar mutanenmu da ke wajen Zahir, a gefen Makka, cikin gidajen langa-langa masu zafi kamar tanda. Gida ɗaya muke da wani abokin tafiyar Baba da tsohuwarsa. Ba mu haɗa jini ba, amma shi Baffa nake ce masa, ita kuma Kaka.

Baba direba ne. Ya yi yaron mota a ƙasar Faransi, wato yankinmu da Faransawa ke mulka, ya kama sitiyari a Sudan, a can ya sayi tsohuwar lori ya haye teku da ita. In ya ci ya ƙoshi yakan ba mu dariya da labarin haraji. Ya ce mota ɗaya ce, amma kowace ƙasa da abin da take gani a jikinta: waɗancan taya suke ƙirgawa, na gaba nauyi suke dubawa, wasu kuma fasinja. Da ya sauka Jidda kuwa, kwastan suka yanka masa abin da ya kusa kuɗin motar. Suka sake ta a kan zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, amma babu lambar ƙasa sai ya gama, kuma ba a ba mota marar lamba koshan, wato takardar izinin ɗaukar mutane zuwa Madina.

Shi kuwa Baffa motarsa ta daɗe da mutuwa, tana kan duwatsu a tsakar gida, kaji na ƙwai a cikinta. Sai dai lambarta da takardarta lafiyarsu lau.

Da watan Rajab ya kama, lokacin da mutanen Makka ke tafiya ziyara, motoci suka yi ƙaranci. Wata rana da azahar, unguwa duk ta kwanta ƙailula, na ga Baffa tsugune yana kwance lambar motarsa, Baba na riƙe masa. Suka ɗaura ta a motar Baba. Baffa ya miƙa masa takardar yana dariya.

"Daga yau in an kira sunana a shinge, kai za ka amsa. Kada ka ɓata mini shi."

"Zan dawo maka da shi a wanke," in ji Baba.

Ya tafi da asuba, mota cike da mutane. Hanyar Madina a lokacin yashi ce da kwaruruka. A wannan makon aka yi ruwa a kan duwatsu, irin wanda ba ka ganin hadarinsa sai dai ka ga ambaliya ta taso maka.

Askarawa biyu ne suka zo, tare da ɗan aiken umda, mai unguwa ke nan. Ina wasa a bakin ƙofa. Ɗayansu yana riƙe da lambar, ta lanƙwashe, laka ta bushe a jikinta. Baffa ne ya fito. Suka ce mai wannan lamba ya rasu da shi da fasinjojinsa, mutanen ƙauye sun binne su a inda aka same su. Suka faɗi sunan mamacin, kuma sunan Baffa ne.

"Kai fa, wane ne?" in ji babban cikinsu.

Baffa ya dubi lambar. Sai da na girma na gane abin da ya hango: aron lamba, rayukan mutane, kurkuku, da jirgin ruwan da zai kwashe gidan gaba ɗaya ya zubar a wancan ƙetaren. Ya buɗe baki ya faɗi sunan Baba.

Na juya ina neman Baba a bayansa. Wallahi na zaci ya dawo.

Duk mutanen unguwa sun san gaskiya, kuma babu wanda ya yi tari. Amma ɗan aiken umda yana shiga yana fita, don haka a ɗakin Kaka aka yi zaman makoki. Mata suka tara takalma a ƙofarta suna mata gaisuwar ɗan da ke tsakar gida yana shimfiɗa wa baƙi tabarma. Kaka tana kuka na gaske, tana cewa a hankali, "Ku daina, za ku jawo masa." In sun tashi tafiya sai su bi ta ƙofar Inna, mahaifiyata, kowace ta taɓa labulen da hannu ta wuce. Iyakar gaisuwar da Inna ta samu ke nan. Ta yi takabarta a ɗaki, aka ce ciwon ido take yi.

Baffa bai sake taɓa sitiyari ba. Ya koma ga-ruwa, gwangwani biyu a sanda, har kafaɗarsa ta yi kanta. Ragowar kuɗin kwastan kuwa yana nan a kan sunan Baba. Kowace shekara bayan aikin hajji wani malamin ofis yakan tsaya a ƙofar gida ya ɗaga murya ya kira sunan Baba, cikakke, har da na kakana. Sai in ji Baffa daga ciki ya ce, "Na'am." Ya fito ya nuna masa mushen motarsa marar lamba a matsayin ta Baba, ya biya abin da ya samu. Inna kan toshe kunne da gefen mayafi. Ni kuwa na tsani wannan na'am ɗin, na tsani Baffa saboda ita, alhali da ruwan da yake ɗauka muke ci.

Manema sun zo wa Inna, don da sauran ƙuruciyarta. Amma wa zai ɗaura wa matar da mijinta ke amsa kira a ƙofar gida aure? Sau ɗaya na ji Baffa ya tsaya a bayan labulenta ya ce, "In kin ce in je in faɗa musu, yanzu zan tafi." Inna ta ce, "Ka kai ruwanka, rana na yi."

Na yi aure har na haihu kafin Baffa ya rasu. Aka yi masa takardar binnewa da sunan da yake amsawa. A ranar, mata suka cika ɗakin Inna, suka yi mata ta'aziyyar mijinta da babbar murya, kowa na ji. Kanta ya yi fari fat a lokacin. Ta amsa wa kowa, ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, har muryarta ta dushe.

Yanzu an shimfiɗa kwalta a hanyar Madina, an yi gadoji a kan kwarurukan, na'ura kuma tana gane mutum da yatsansa, ba mai iya ara wa wani suna. In muka bi hanyar nakan leƙa ta taga, ban san kwarin da zan yi wa sallama ba. Abin da ya fi damuna shi ne, ba mu da hoton Baba. Kullum bayan salla nakan kira sunansa in roƙa masa gafara, in rufe ido ina neman fuskarsa. Fuskar Baffa ce take zuwa, da sanda a kafaɗa.