Wasan da Yaya Sabo Bai Ƙarasa Ba

Yau shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sabo, marubucin wasan kwaikwayo na rediyo. Allah ya jiƙansa. Duk shekara sai in ɗauki biro in yi rubutu a kansa, in sake ajiyewa. Bana dai na gaji da ajiyewar.

Yaya yakan ce mutanen labari uku ne: mai nema, mai hanawa, da mai shiga tsakani, kuma mai hanawan nan shi ke riƙe da labarin. In ya rubuta mugu, sai ya kwashi takardun zuwa shagon telolin bakin layinmu a Unguwar Kanawa, ya karanta musu suna taka keke. In ya gama ba wanda ya ce, "Haba Malam, ai shi ma yana da gaskiyarsa," nan take zai yayyaga ya sake sabo. Na sha tsokanarsa da cewa teloli ne iyayen gidansa.

Yanzu nakan leƙa finafinan da 'ya'yana ke kallo a waya. Mugu tun fitowar farko ya haɗe rai, a kashin ƙarshe mota ta kaɗe shi, a ce Allah ya yi sakayya. Da Yaya na nan, da ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. Ni dai hamma nake yi.

Wasansa na ƙarshe a kaina ya yi shi. A ciki akwai wani ma'aikacin gwamnati da ya ɗauke tsohuwarsu daga gidan da ta tsufa a ciki, ya kai ta sabon gininsa a Katabu inda ba ta san kowa ba, har ta rasu tana cigiyar maƙwabtanta. Ya canza suna, amma ko makaho ya shafa ya san ni ne. Maganar ta iso mini daga shagon telolin, na ɗauke ƙafa daga gidansa shekara biyu, har ranar da aka kira ni jana'izarsa.

Ina da dalilina na ɗauke tsohuwarmu. Sau biyu Inna na faɗuwa a banɗaki tana ita kaɗai, ta roƙe ni kada in gaya masa. Bayan rasuwarta ma ban faɗa ba. Girman kai rawanin tsiya.

Watan jiya matarsa, Yaya Asabe, ta miƙo mini takardun wasan. Babu kashin ƙarshe. Na ce ciwo ne ya hana shi.

"Wane ciwo, Ɗanlami?" in ji ta. "Tun kafin ya kwanta ya ajiye shi. Ya ce bai ji ta bakin mutumin ba, ba zai yanke masa hukunci ba. Duk Juma'a sai ya sa in ƙara hannu a tukunya, wai ko za ka biyo."

Kasakasan wasanninsa sun lalace, masu tuna muryoyin ciki ma sai raguwa suke yi. Abin da ya bar mini shi ne haƙurin jin ta bakin mutum kafin a ɗaure shi, kuma ya yi mini nauyi. Ina ganin ya gama da ni, ashe ni yake jira. Yau ga amsar a bakina, babu mai tambaya.