Kejin Lamba Huɗu

Shekara ashirin Baba Habibou ya yi yana kiwon kifi karfasa cikin kejin raga a bakin kogi a Gaya, kafin ya zo garin Highbridge. A nan ya samu aikin ba kifi abinci a ɗakin binciken wata jami'a. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma da kifi kam surutu yake yi.

Hamdatu, 'yar Kano mai neman digiri na uku, ita ce mai binciken. So take ta gano yadda karfasa za ta rayu a kejin teku. Ta jera keji shida cikin tankunan ruwan gishiri, kowanne da ƙa'idarsa. Na huɗu ta cika shi maƙil da kifi, ta kuma rage masa abinci da gangan.

Wannan kejin ne ya hana Baba Habibou sakewa. Da ya matso, sai kifayen su taso baki buɗe. Shi kuwa tun da yake bai taɓa wuce dabba mai jin yunwa ba. Kullum in ya zuba abin da sikeli ya nuna, sai ya ƙara tafin hannu ɗaya. Tafi ɗaya dai, me zai ɓata?

Bayan wata huɗu Hamdatu ta auna kifin, ta ga na huɗu sun kusa kamo sauran. Murna kamar ta taka rawa. Za ta rubuta cewa cunkoso da ƙarancin abinci ba sa hana girma.

Baba Habibou ya tuna masu kiwon da za su ji wannan labari su rage wa kifinsu abinci. Ya san in ya yi magana aikinsa na iya tafiya. Tsoro ya kama shi sosai, amma ya faɗa.

"Ɗiyata, ba haka ba ne. Ni na riƙa ƙara musu abinci."

Ta ce, "Baba, wata huɗu fa ka cinye mini."

"Na sani. Yunwa suke ji."

Ba ta kai ƙararsa ba. Suka sake zuba sabbin 'ya'yan kifi, aka faro daga farko.

Yanzu awo yake yi daidai, ko ƙwaya ba ya ƙarawa. In ya iso keji na huɗu sai ya zuba, ya cusa hannunsa a aljihu, ya ce musu, "Ku yi haƙuri," ya wuce da sauri.