Kofin da Ban Sha Ba

A Awali, can ƙasar Larabawa, na girma, cikin wata gonar dabino inda mahaifina yake aiki. Lokacin sanyi, bayan magariba, kakata Inna Hajjo takan hura gawayi ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Tana ba da labari da Hausar Damagaram, muna yi mata tambaya da Larabci.

Wanda na fi tunawa shi ne na raƙumin da ya je nema wa ɗansa aure gidan zaki. Aka ajiye masa cinyar barewa. Raƙumi ba ya cin nama, in kuma ya ture kwanon, aure ya lalace. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, a ina ka kamo ta?" Zaki ya gyara zama, ya yi ta labarin farauta yana yagar naman, har ya cinye bai sani ba.

"To raƙumin ya ƙoshi, Inna?" in ji ni.

"Ya waladi, cin abinci ya kai shi? Zakin so yake a san wahalar da ya sha."

Da furfurata na je wani ɗan yanki a kudancin Faransa, domin ɗana yana son auren 'yar wani manomin inabi. Tsohon ya ɗauko burandi, barasar inabi da mahaifinsa ya dafa, ya zuba, ya turo min. Ɗana ya sunkuyar da kai.

Na ce da Faransanci, "Addinina ya hana ni. Amma faɗa min halinsa."

Ya dube ni. Sannan ya fara: ƙasarsu yashi ce, shi ya sa nasu yake da taushi, na maƙwabtansu masu laka kuwa akwai kaushi. Sau ɗaya suke dafa shi, ya tsufa cikin gangar itace har ya ɗauki ƙanshin busasshen 'ya'yan itace. Yana magana yana kurɓar kofina.

Na buɗe jaka na miƙa masa ajwa, dabinon garinmu, na ce ita ma ƙasarta ake ji a baki. Ya ci uku, ya kira 'yarsa.

Ina yaro na ɗauka wayo raƙumin ya yi. Sai a teburin nan na gane sauraro ya yi da gaske. Allah ya jiƙan Inna Hajjo. Jikata ta Faransa sunanta ta ci.