Ƙofar Ɗakin Yaya

Shekarun da na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, fararen ɓeraye ne abokan zamana. Akan sa musu wata cuta wadda garkuwar jiki ke juyowa ta ci jijiyoyin mai ita. Jela ke fara saki, sannan ƙafafun baya. Wasu akan bar su cikin natsuwa, wasu kuwa da gangan ake hana su sakat: a girgiza keji, a kunna fitila, a kashe. A idona waɗannan ne suka fi jan ƙafa. Har na bar aikin ban daina jin tausayinsu ba.

Ana nan sai likita ya ce irin cutar ce ta kama Yaya, babbar ɗakinmu, mai ɗinki a Kinkinau. Da kekenta na ƙafa ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ga shi ƙafar dama ta fara ƙin taka shi.

'Yan dubiya suka yi mata caa, kowa da ledar lemo da labarinsa. Wata gwaggonmu daga Rigasa ta kama ƙafar, ta ce, "Haka ta fara wa maƙwabciyata, Allah Ya jiƙanta." Yaya ta yi murmushi, amma washegari ko banɗaki sai da na riƙe ta.

Raina ya ɓaci. Na ga keji ake girgizawa. Na tsaya a bakin ƙofa ina ce wa kowa barci take yi. Dangi suka ce boko ya cire mini kunya, na ce su faɗa.

Gida ya yi tsit, amma ƙafar ba ta yi sauƙi ba, abinci ma sai ta ture. Wata la'asar na same ta zaune gaban keken, ta zuba wa ƙofa ido.

"Auta," ta ce, "buɗe musu. In ba a yi sallama a ce ya jiki ba, ji nake kamar an riga an kai ni."

Na tuna a wurin aiki ma, ɓeran da aka ware shi kaɗai cikin takurarrun ake sa shi. Na buɗe ƙofar ina hawaye.

Gwaggo ce ta fara shigowa. Ta buɗe baki za ta soma, na zuba mata ido. Ta fasa, ta zauna, ta ɗora ƙafar Yaya a cinyarta tana matsa mata a hankali.