Fitilar da ta kama a motar Baba

Baba da kunne yake tuƙi. Tun yana jan akori-kurar barkono tsakanin Gashuwa da Nguru, kukan inji ne ke gaya masa lokacin sauya giya. Sai ga shi tsufa ya fara taɓa kunnen a shekarar da ya sayi wata mota 'yar Kwatano marar hayaniya, wadda sai ka dafa ta kafin ka san tana aiki. Ni ce 'yarsa ta uku, ni ya koya wa tuƙi, kuma ni ke raka shi Nguru ranar kasuwa. Don haka ni na fara lura yana barin ta a giya biyu tana nishi bai sani ba.

Bai shawarci kowa ba. Ya kai ta wurin mai walda, aka yanke salansarta, aka ɗaura wata mai faɗin baki irin ta samari. Unguwa ta sha dariya, wai Alhaji ya koma yaro. Shi kuwa ko a jikinsa, tunda yana jin motarsa.

Kwana biyu sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a bayan sitiyari. Babban wanmu, wanda ya daɗe yana so Baba ya ajiye tuƙi, ya samu abin kamawa. Suka yi ta ja, har Baba ya yi alkawarin idan fitilar ba ta mutu ba zai ba da makulli. Baba kuwa ba ya magana biyu.

Bakaniken Gashuwa ya cire kan batir ya mayar, fitilar ta mutu. Muka kama hanyar Nguru. Har yau nakan ga wannan hanyar idan na lumshe ido: ruwa shimfiɗe dama da hagu, farin bado, masunta tsaye cikin kwalekwale kamar barci suke, balbelu na tashi saboda rurin salansarmu. Baba na murmushi, yana sauya giya daidai lokacinta. Ni kuma idona na kan inda fitilar take, ina roƙon Allah. Ba mu yi rabin tafiya ba sai ta sake kamawa. Sau huɗu muna haka.

A Nguru muka samu wani da ya koyo aiki a Kano, yana da 'yar na'ura. Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, wata lamba ta fito, ya duba littafinsa. Ya ce inji lafiya lau. Tsohuwar salansar ce ke da tukunyar tace hayaƙi, da wani ɗan ƙarfe mai waya da ke shinshinar hayaƙin yana kai wa motar rahoto. Mai walda ya yanke su duka ya yar, shi ya sa motar ke cigiya. Magani ɗaya ne, a mayar mata da abinta. Sai da na maimaita wa Baba da ƙarfi, kuma na tsani bakina ranar.

Muka tarar da tsohuwar salansar a bayan rumfar mai walda, ta fara tsatsa. Aka mayar, aka jona wayar. Baba ya murza makulli, mota ta tashi, fitila ba ta kama ba. Sai ya sake murzawa. Ƙarfe ya yi ƙara har cikin haƙorina, shi bai ji ba, fuskata kawai ya gani.

"Ta tashi ne?"

"Ta tashi, Baba."

Ya daɗe yana kallon inda fitilar take a da. Sannan ya fita, ya zagayo, ya buɗe ƙofata.

"Koma can, uwata. Kada ki bar ta a giya biyu."

Na ja mu a hankali, tausayinsa ya cika ni. Har muka isa gida tafin hannunsa na dafe da gaban motar.