Jitar Ɗan Kawuna da Ta Ƙi Yin Gurnani

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba aka kawo wuta a unguwarmu a Birnin Kudu, ni kuma na jona jita, na taka ɗan akwatin nan a karon farko. Inna ta idar da la'asar ke nan tana lazimi, sai na jiyo muryarta daga tsakar gida: "Subhanallahi! Wa ya shigo mana da injin markaɗe?"

Jitar ta ɗan kawuna ce da ke aiki a sakatariyar Gwaram. Tun dogon hutun bara ya ara mini ita, da 'yar sifikarta, da wani ƙaramin akwati da ake takawa da ƙafa. Ta lantarki ce, irin mai siraran maganaɗisu uku a ƙarƙashin tsirkiya, muryarta siririya tas kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi. A ɗakina na koye ta, ƙofa a rufe, ina taɓa tsirkiya a hankali don kada maƙwabta su ji.

Ƙanwar ɗan kawun nawa ce za ta yi aure, ita kuwa aminiyata ce tun muna yara. Ta sa na yi mata alkawarin zan kaɗa ranar wuninta, tunda mata ne zalla. Sai dai ba siririyar muryar take so ba. Mai kaurin nan take so, mai ɗan gurnani, irin wadda take ji a kiɗan mutanen sahara a wayarta. Akwatin ne ya kamata ya ba da wannan. Ni abin da ya ba ni, zirnako ne a cikin gwangwani.

Na ɗauki abin kamar jarrabawa. Na karanta duk abin da na samu a waya, na bi abubuwan murɗawa ɗaya bayan ɗaya. Duk lokacin da na ji muryar ba kauri sai in ƙara, har kowanne ya kai ƙarshe. Kaifin ya ninku, ga wani zuuu da ba ya tsayawa ko ban taɓa komai ba.

Na kira mai jitar. Amma shi taubashina ne, kuma a gidanmu ba a taɓa jin taubashi ya ba da amsa a miƙe ba.

"Malama sarkin karatu," in ji shi, "littafi bai faɗa ba? Kin ba ta koko da safe kuwa?"

Da na sake kira sai ya ce ai ruwan Gwaram ta saba sha, na Birnin Kudu bai karɓe ta ba. Na yi dariyar dole na kashe wayar.

Ana gobe wuni na hau bas zuwa Gwaram, jitar naɗe a zanen Inna. Amarya ta ce in gwada a ɗakin kakarmu, inda mata suke ƙulla alewa da cincin. Na taka akwatin, na taɓa tsirkiya. Wani jariri ya farka da kuka. Kaka ta toshe kunne da gefen mayafi ta ce, "Ke 'yar nan, duk shirun nan naki ashe wannan kike tara mana?"

Aka yi ta dariya. Amarya ce kaɗai ba ta yi ba. Ta matso ta ce mini a hankali, "In ba zai yiwu ba ki bari, masu kiɗan ƙwarya ma sun isa." Wannan ya fi dariyar ciwo.

Ina ɗaga kai sai ga taubashin nawa a bakin ƙofa, ya zo kawo lemo, yana ta murmushi. Ni da ko a aji malamai ke cewa in ɗaga murya, sai ji na yi na ce, "Wallahi ko ka gaya mini yanzu, ko in bar maka kayanka in hau motar gida!"

Kaka ta ce, "Af, ashe tana da baki."

Ya ajiye lemon ya tsuguna. Ya mayar da abin murɗawa na gurnani da ke jikin akwatin ƙasa da rabi, ya murɗa na kaifin murya da ke jikin jitar baya, ya tura wani ɗan makunni zuwa maganaɗisun da ke kusa da wuyan jitar. Ya ce in kaɗa. Zirnakon ya tafi, amma muryar ta fito a sanyaye, ba gurnani. Na kalle shi. Ya sa hannu ya doki tsirkiyar sau ɗaya, sai ga sautin nan mai kauri ya cika ɗakin, har amarya ta dafe ƙirji.

"Me ka taɓa?" na tambaye shi.

"Ba abin da na taɓa," in ji shi. "Ita dama muryarta siririya ce, kika yi ta zuba mata yaji. Sauran a hannunki yake. Kina lallaɓa tsirkiya kamar kina gaida suruka, kin bar akwati yana yi miki ihu. Muryar nan da kika yi mini yanzu, ita za ki yi mata. Gobe ki doke ta, a jiyo ki har garin Kwandiko."